FUSKAR MAI FITO

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa na cika jan rai, na ji ku. Wata har cewa ta yi in ban kai Sha'ibu gaban uwarsa yau ba, ta daina gaishe ni. To ga shi na kai shi. Amma kada wadda ta zo ta ce na sa ta kuka cikin mutane, ni ma ba da dariya na rubuta ba.

Ku da kuka shigo mana yanzu, zamanin Faransawa muke, shekarar da aka buɗe gadar Gaya. Sha'ibu ɗan Malam Labo mai fito ya ɗauki silimar ubansa yana ƙetarar da mutane kogin Kwara a kwale-kwale. Ya tafi da ita bikin masu silima a Faransa, a hanyar dawowa ya biya ta babbar lakwal ɗinsa, wato makarantar da ya yi a Dakar. Sai da ya sauka daga kamyo, wato babbar mota, a Malanbil tsallaken Gaya, ya ji ana ce masa "ya haƙuri". Ashe Malam Labo ya rasu a Tanda tun farkon tafiyar, can aka binne shi, ko iyalinsa ba su riski gawar ba.

*

Hantsi ya ɗaga lokacin da Saratu ta yaye asabarin ɗakin zaure, ko sallama babu.

"Yaya, tashi."

Sha'ibu na zaune bakin gado, gwangwanin silimar bisa cinyarsa. Tun da ya dawo haka yake wuni, rungume da shi kamar mai jego.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Ka san jiya Inna ta fita takaba. Yau tun asuba ta yi wanka, ta ɗauko zanen da Baba ya sayo mata a Kamba ta ɗaura. Har kwalli ta sa, Yaya. Kwalli!"

Ya ƙara rungume gwangwanin.

"Ina za ta?"

"Ji wata tambaya. Za ta ga Baba mana."

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ƙanwar tasa bakinta ya riga ya buɗe, ba ta ko lura da yadda yake kallon ƙasa ba.

"Na je wurin Alhaji Yacuba, ya ba mu sitonsa na gyaɗa. In an rufe ƙofa duhu ne ɗif ko da rana tsaka. Injin wutarsa ma ya ce a tayar. Baba Siddo ƙanin Baba na can ya kafa farin zane, majigin kawai ake jira."

"Wa ya aike ki?"

Saratu ta yi turus.

"Na'am?"

"Na ce wa ya aike ki wurin Alhaji? Ni na ce miki yau zan nuna?"

"Yo sai yaushe? Ranar da ka iso ka ce gajiya. Washegari ka ce masu gaisuwa. Da suka ɗauke ƙafa ka ce a bari ta fita takaba. To ta fita."

"A bari sai wani satin."

"Wallahi ba za a bari ba!"

Ta saki asabarin ya faɗo bayanta, ta matso ta tsaya a kansa. Saratu ce auta, ita kaɗai ce a gidan nan ta taɓa jan gemun Malam Labo ta kwana lafiya. Ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, kuma ba ta iya jira ba.

"Yaya, dube ni. Turawa sun gani. 'Yan lakwal na Dakar sun gani. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu tana kai masa ruwan alwala ita ce ba za ta gani ba? Me ke cikin gwangwanin nan da kake ɓoye mana?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sha'ibu ya ajiye gwangwanin a gefe a hankali, ya ce,

"Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Saratu, babu fuskarsa a ciki."

Can cikin gida ana jin wata na daka, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Ban gane ba."

"Yana ciki. Daga farko har ƙarshe yana ciki. Bayansa, hannuwansa, ƙafarsa bisa bakin jirgi, sandar tuƙinsa. Amma fuskarsa babu. Ko sau ɗaya."

Sai ga ta ta zauna, ba a kan tabarma ba, a ƙasa.

"Turawan ne suka yanke?"

"Ba wanda ya yanke komai."

"Ruwa ya taɓa ta a jirgi?"

"Ni ne ban ɗauka ba."

"Kai Yaya! Sati nawa kana bin sa bakin kogi da akwatin ɗaukar silimar nan? Har mutane na cewa ɗan Malam Labo ya yi karatu ya zauce. Me kake ɗauka duk tsawon lokacin?"

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Wallahi ni da nake ba ku labarin nan na so in ji haushinsa, amma na kasa. Tausayi ya ba ni.

"Kin san yadda ake ɗaukar fuskar mutum?" ya ce. "Sai ka matso kusa da shi, kamar daga nan zuwa inda kike. Ka sa idonka a gilashi. Ka kafa masa ido, ba ƙiftawa, shi ma yana kallonka. Ni zan yi wa Baba haka?"

Ya girgiza kai, ya ci gaba.

"Ke auta ce, ba ki san abin nan ba. Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kaka. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, in yana son magana da ni gyaran murya yake yi. In na shigo ta nan, ya fita ta can. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, Saratu, ko ranar da zan tafi Dakar ƙafafunsa na yi wa sallama."

"Amma ai aiki kake yi..."

"Haka na zata ni ma. Jirgin Baba Siddo na shiga muna binsa a baya. In ya juyo da jirgi ya nufo mu, sai in ga hannuna ya sauke akwatin da kansa, ya koma kan ruwa, ko kan buhunan da ya ɗauko. Shi ma in ya hango ni sai ya karkata kai wajen Dahome. Ni ina kunyarsa, shi yana kunyata. Haka muka ƙare."

Hawaye ya fara zubo wa Saratu, ba ta share ba.

"Kuma ba wanda ya ce maka komai a can? A bikin naku?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Tafi suka yi min."

"Tafi?"

"A tsaye ma. Wani babban ɗaki ne bakin teku, kujeru ja, sanyi kamar ya tsinke kunne. Ni kaɗai ne baƙin mutum da ya kawo silima. Da aka kunna fitilu na ga wata tsohuwa na share ido. Wani mai lofen taba a baki, wai shi ne babbansu, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, Mushe Sha'ibu, ka yi hikima. Ka hana mu fuskarsa don ya zama kowane mai fito na duniya, wanda gada ta zo ta kashe wa sana'a."

"Ka ce masa me?"

"Na ce mersi, na gode."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kaina ya kumbura. Har na yarda da gangan na yi."

Ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa.

"Da jirginmu ya tsaya Dakar na ce bari in leƙa lakwal. Komai na nan yadda na bar shi. Bishiyar da muke cin burodi da wake a gindinta tana nan. Ɗakin kwananmu an sake masa fenti, amma tagar da nake zama ina tunanin gida har yanzu ba ta rufuwa. Tsohon mushenmu, malamin da ya koyar da mu, kansa ya yi fari fat. Ya rungume ni, ya tara ɗalibai, ya ce ga ɗanmu da ya fitar da mu kunya a Faransa. Na hau dandamalin da a da nake tsoron a kira ni kansa. Aka nuna silima. Aka tambaye ni dalilin ɓoye fuskar. Na kwashe maganar mai lofen nan kaf na zuba musu da Faransanci, kamar daga cikina ta fito."

"Suka tafa."

"Suka tafa. Ina saukowa matakala sai wani ɗalibi ya tare ni, ɗan Damagaram. Ya yi min Hausa. Ya ce, sannu da aiki mutumin Gaya, amma don Allah kai ɗan fari ne ko?"

Saratu ta ɗago kai.

"Na ce ya aka yi ka sani? Ya ce, yo ko ni aka ba akwatin nan ai bayan tsohona zan tsaya, wa ya isa ya kafa wa ubansa ido? Da dariya ya faɗa, ya wuce abinsa. Ni kuwa nan na zauna bisa matakalar. Sai a lokacin na gane abin da na yi."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin gado ya jawo wani ƙaramin kwali mai ruwan ɗorawa, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ranar na shiga gari na sayi sabon zaren ɗaukar silima. Na ce in na iso gida zan cire kunya, in durƙusa gaban Baba in ce ya yi min haƙuri ya dube ni sau ɗaya. Duk hanya, cikin jirgin ruwa har Kotonu, cikin jirgin ƙasa har Paraku, maganar da zan faɗa masa nake ta shiryawa. Ashe mutumin da nake shirya wa magana ciyawa ta riga ta tsiro a kansa."

Nan Saratu ta fashe da kuka, ta toshe baki da gefen mayafi kada a ji a cikin gida.

"Ka kashe ni, Yaya. Ka kashe ni."

"Ki yi haƙuri."

"Ba ka san abin da na yi ba! Ranar da mutanen Tanda suka zo, hularsa kawai suka kawo da sandar tuƙi. Suka ce ciwon ciki ne, da hantsi ya cika, kafin la'asar an rufe shi saboda zafi. Inna ta ce, ina shi? Suka ce sai haƙuri. Ta ce, na ji, amma ina shi? Ta daina cin abinci. Ko kunu aka kai mata sai ya yi sanyi a ɗauke. Muna gani tana ƙarewa."

Ta ja numfashi.

"Ni na durƙusa na ce, Inna ki ci abinci. Yaya ya tafi da Baba cikin gwangwani, yana tafiya, yana dariya, in ya dawo za ki gan shi kamar yadda kike ganina. Ranar ta sha fura. Wata huɗu da kwana goma maganar nan ce ta riƙe ta."

Sha'ibu ya runtse ido.

"Shekaranjiya ta kira ni," Saratu ta ci gaba. "Ta ce, auta, wani abu na damuna. In na rufe ido ina ganin hular Malam, ina ganin gemunsa, amma tsakiyar ta ƙi zuwa. Ta ce ita ma ai ba kallonsa take yi sosai ba, sai dai a sace. Ta ce tana tsoron ta je lahira ta wuce shi ba ta gane shi ba. Kuma ka sani ko hoton kati Baba bai taɓa tsayawa an yi masa ba."

"Mu ce majigin ya lalace."

"Sai ta ce a gyara."

"Mu ce sai an kai Yamai."

"Sai ta zauna tana jiran kamyon Yamai har ta mutu? A'a, Yaya. Ni na yi ƙaryar farko ban sani ba. Ba zan yi ta biyu ina sane ba."

"To ki faɗa mata gaskiya."

"Ni? Kai ka faɗa mata!"

"Ta yaya? Yaushe Inna ta taɓa tsayawa na yi mata magana?"

Kafin Saratu ta ba shi amsa suka ji takun takalmi a bakin zaure. Inna Yalwa ce. Ba ta ɗaga asabarin ba, ba ta taɓa shiga ɗakin ɗanta na fari ba. Daga waje ta yi magana, kuma da 'yarta take.

"Saratu."

"Na'am, Inna."

"Ki tambayi mutumin Dakar, ko sai rana ta faɗi?"

Suka dubi juna. Saratu ta share fuska da sauri.

"Ga mu nan, Inna."

Sha'ibu ya ɗauki gwangwanin. Bai taɓa jin nauyinsa irin na yau ba.

*

Inna Yalwa ce a gaba, tana tafiya a hankali irin ta wadda ta daɗe ba ta taka waje ba. Mata na leƙowa ta katanga.

"Fofo, Inna Yalwa! Barka da fita. Allah ya jiƙan Malam."

"Amin, amin. Shi za ni gani yanzu."

Duk wadda ta faɗa wa haka sai ta bi ta da kallo.

Siton Alhaji Yacuba na bayan kasuwa. Baba Siddo, ƙanin marigayi, ya jera buhunan gyaɗa guda biyu ya shimfiɗa tabarma a kai don ta zauna. Aka tayar da inji a waje, aka ja ƙofa. Duhu ya rufe su, su huɗu, sai warin gyaɗa da ƙura.

Sha'ibu ya zura zaren a majigi. A ransa yana cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa. Bai faɗa ba. Ya murɗa.

Haske ya faɗa kan farin zane. Ga kogi. Ga mata da ƙwarya a ka suna jiran fito. Ga ƙafafun gada can nesa, ba a gama ta ba tukuna.

Sai ga kwale-kwale ya shigo, mutum tsaye a ƙarshensa, ya ba da baya, ya kafa sanda cikin ruwa.

"La ilaha illallahu," in ji Baba Siddo.

Inna Yalwa ta zame daga kan buhu ta durƙusa. Ta ja mayafi ta rufe kai sosai.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce a hankali.

Saratu ta cusa mayafi a baki.

"Ku ga rigar," Inna ta ce, da murna a muryarta. "Facin kafaɗar nan ni na yi shi. Na ce ya bar sa ta ya ƙi. Siddo, ka ga yadda yake jingina a ƙafar hagu? Tun faɗuwar da ya yi a Bengu."

"Na gani, Yalwa."

"Bai rame ba. Wallahi bai rame ba."

Jirgi ya ƙetare. Jirgi ya dawo. Ga hannunsa yana ɗaure igiya. Ga ƙafarsa cikin laka. Ga shi zaune ƙarƙashin bishiya yana alwala, daga nesa, ƙeya kawai ake gani. Inna ta bar magana. Ta fara karkata kai gefe, kamar mai leƙen wani ta bayan ƙofa.

"Saratu."

"Na'am."

"Yaushe zai juyo?"

Saratu ta kau da kai.

"Auta, da ke nake."

"Ki... ki dai duba, Inna."

Zaren na ta raguwa a faifai. Sha'ibu na gani, ya san saura kaɗan. Zufa ta jiƙa masa riga.

Sai wurin ƙarshe ya zo. Yamma ce a hoton, ruwa na ƙyalli. Malam Labo na tsaye, jirginsu Sha'ibu ya matso kusa da shi fiye da kowane lokaci, har ana ganin zaren hularsa.

"Na tuna ranar nan!" Baba Siddo ya ce. "Ni na kira shi. Na ce, Yaya, juyo mana ɗanka ya ɗauke ka!"

A kan zanen, kafaɗar Malam Labo ta motsa. Wuyansa ya fara juyowa. Ga kunne. Ga gefen gemu.

Inna Yalwa ta miƙe tsaye.

Fari fat.

Wutsiyar zaren ta fita tana dukan ƙarfe, fat, fat, fat. Ranar da aka ɗauka, daidai nan yatsan Sha'ibu ya saki maɓallin akwatin da kansa.

Ba wanda ya motsa.

"Ina sauran?" in ji Inna.

Saratu ta rarrafo ta riƙe ƙafarta.

"Inna, ki yafe min. Babu saura. Iyakarsa ke nan. Yaya bai... kunya ce ta hana shi, Inna. Bai iya tsayawa gaban Baba ba."

Sha'ibu ya sunkuyar da kai yana jiran kuka, ko zagi, ko ma tsinuwa. Da ta yi ɗaya daga ciki da ya fi masa sauƙi.

Inna ta gyara mayafinta. Sannan ta ce,

"Ai tarbiyyar da muka yi masa ke nan. Ba shi da laifi."

Wannan maganar ita ta karya shi. Ya dafa bango, kafaɗunsa na girgiza.

"Amma ya kusa juyowa," Inna ta ce. "Na gani da idona. Saratu, ki ce a sake."

"Inna, ko an sake..."

"Ki ce a sake."

Ya mayar da ƙarshen zaren, ya murɗa. Wannan karon ba ta koma mazauninta ba. Ta taka har gaban zanen, inuwarta ta rufe rabin kogin. Ta matsa gefe don kada ta tare shi.

Kafaɗa. Wuya. Kunne.

"Malam," ta kira. "Malam, ni ce."

Fari.

"Saurin ya yi yawa," ta ce. "Kafin in kai ido ya wuce. Idona ba na da ba ne. A sake. In ya zo wurin kunnen nan a tsayar da shi."

Sha'ibu ya ɗago a firgice.

"Saratu, ki faɗa wa Inna ba a tsayar da shi."

"Don me, Yaya?"

"Fitilar da ke ciki wuta ce. Gudun da zaren ke yi shi ke hana shi ƙonewa. In ya tsaya a gabanta ko na numfashi uku ne, zai narke. Majigin tsoho ne, marfin da ke kare zafin ya karye tun a hanya."

"To in ya ƙone ba sai a ɗauko wani ba?" in ji Baba Siddo.

"Babu wani, Baba. Wanda ya shiga akwatin ɗauka shi ne wannan, ba a buga na biyu ba. Wurin nan da take so, shi kaɗai ne a duniya inda gefen fuskarsa ya fito. In ya tafi ya tafi."

Saratu ta juya.

"Inna, kin ji. Ya ce..."

"Na ji abin da ya ce."

Inna Yalwa ta juyo daga wajen zanen. Hasken majigi na dukan fuskarta, kwallin da ta sa da safe ya zubo har haɓa. Ba Saratu ta duba ba. Ta ɗaga ido ta sauke shi kan ɗanta na fari, kai tsaye, abin da ba ta yi ba tun yana goye.

Sha'ibu ya kasa ɗauke nasa.

"Ba da auta nake ba yanzu," ta ce. "Da kai nake."

"Inna..."

"Na haife ka, na miƙa ka, ban taɓa riƙe hannunka a gaban mutane ba. Da ka yi ƙyanda a gidan kakarka ta bayan danga nake leƙenka. Ban taɓa roƙonka komai ba. Turawa sun ga rabonsu, sun tafa maka. Ni abin da ke gudu ba ya yi min amfani. Ka tsayar min da shi in gan shi."

"Zai ƙone, Inna. Jikokinsa ba za su..."

"Jikokinsa ba su san shi ba, ba za su yi kewarsa ba. Ni ce zan kwanta yau ban san fuskar mijina ba."

Baba Siddo ya juya baya yana share ido da hula.

Jama'a, ku faɗa min, in ku ne me za ku yi? Shekarun karatunsa, da tafin Faransa, da abin da ya rage na ubansa a bayan ƙasa, duk suna kan ɗan guntun zaren da bai kai faɗin farce biyu ba. Ga kuma uwa tsaye.

Ya mayar da zaren. Ya murɗa.

Ruwa na ƙyalli. Hula. Kafaɗa ta motsa. Wuya ya fara juyowa.

Ya ce bismillahi, ya kashe gudun, ya bar fitila.

Ƙarar majigi ta ɗauke. Malam Labo ya tsaya cak.

Ga kunnensa. Ga tsagar kumatunsa guda biyu. Ga gefen gemu da furfura. Ga wutsiyar idonsa ta ɗan tattare, irin ta mutumin da ke shirin yin murmushi.

Inna Yalwa ta ɗora tafin hannunta a kan zanen, daidai kumatun.

"Labo," ta ce.

Saratu ta zabura. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba.

"Labo, ashe haka kake. Na tuna. Wallahi na tuna."

Wani wari ya taso, kamar an jefa ƙaho a wuta. Kusa da yatsun Inna wani ɗigo ja ya ɓullo, ya yi baƙi, ya fara buɗewa.

"Yaya!" Saratu ta ƙwala ihu. "Yaya, wani abu na cin fuskar Baba!"

Sha'ibu ya kai hannu zai kashe fitila.

Inna ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Kada ka taɓa," ta ce. "Ban gama ganinsa ba."